Hannu Ya Yi Kyau, Hoto Ya Ɓata Aiki: Yadda Ake Ɗaukar Adon Farce Ya Fito Tas

A kwana biyu ko uku na ƙarshen azumi, gidan mai ƙunshi a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi ba ya rabo da layi. Wasu mata sun miƙe hannuwa suna jiran lalle ya kama, wasu suna jiran layi ya zo kansu. Da an gama wa mace, kafin ta ɗauki jaka, sai ka ji mai aikin ta ce, "Hajiya, ɗan tsaya in ɗauka." Za ta jawo waya ko ƙaramar kyamara, ta matsa kusa da yatsun, ta danna. Sau da yawa abin da ke fitowa ba ya kama da abin da ido ke gani. Zanen da aka yi sa'a biyu ana jan layinsa ya zama dishi-dishi, farce ya yi wani farin tabo a tsakiya, jan lallen ya koma ruwan lemo, fatar hannun kuma ta yi toka-toka.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Yawancin masu ƙunshi da gyaran farce a Arewa ba su da shago a bakin titi, a gida suke aiki. Allon tallarsu shi ne shafin Instagram, da TikTok, da abin da suke ɗorawa a WhatsApp. Amaryar da ke neman wadda za ta yi mata ƙunshin biki ba za ta bi gida-gida tana duba hannuwan mutane ba, hoto za ta kalla ta yanke shawara. Gani ya kori ji, amma fa sai in abin da aka gani ya fito.

Idan hoto ya ƙi kyau, abin da aka fi faɗa shi ne kyamarar ce ba ta da ƙarfi. A ganina wannan zargi ba kasafai yake zama gaskiya ba. Kyamarar dijital ta farko, wadda injiniya Steven Sasson ya haɗa a kamfanin Kodak a 1975, ɗigo dubu goma kacal take ɗauka, nauyinta ya kai kilo uku da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Canon 600D ta 2011, wadda yanzu ake samu ta hannu, tana ɗaukar ɗigo miliyan 18. Nikon D3200 ta 2012 tana ɗaukar miliyan 24. Shi kuwa Instagram ya daɗe yana rage faɗin hoto zuwa ɗigo 1080, wato hoton tsaye na 1080 da 1350 bai ma cika ɗigo miliyan ɗaya da rabi ba. Ashe ba ƙarancin megafiksel, wato miliyoyin ɗigon nan, ke damunmu ba. Abin da ke kashe hoton farce shi ne tazara, da haske, da motsi.

Kusanci yana da iyaka

Kowane lens yana da iyakar kusancin da zai iya gani tas. Idan aka wuce wannan iyaka, komai tsadar kyamara, hoton dishi-dishi zai fito. Lens ɗin 18-55mm da ke zuwa tare da yawancin kyamarorin Canon da Nikon yana tsayawa a wajen santimita 25. Mai 50mm f/1.8, wanda masu hoton biki ke ƙauna, sai daga santimita 35 zuwa 45, gwargwadon ƙirarsa. Kuma ba daga bakin gilashin ake awon ba. A saman kyamara akwai wata 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta. Daga nan ake fara ƙirga, domin a nan faifan da ke karɓar haske yake.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wannan lens na 18-55mm da ake rainawa ya isa aikin. A juya shi zuwa 55mm, a tsaya a iyakar kusancinsa, zai cika hoton da abu mai faɗin santimita shida da rabi zuwa bakwai. Wannan kuwa shi ne faɗin farata huɗu idan an lanƙwasa yatsu. Ana buƙatar lens na makuro, irin su Canon 100mm, ko Nikon 105mm, ko Tamron 90mm, idan farce ɗaya tak ake so ya cika hoto, a ga kowane ɗan dutse da aka manna da kowane siririn layi. Waɗannan suna sauke abu a kan faifan kyamara daidai girmansa na zahiri, suna kuma barin tazara tsakanin kyamara da hannu, ta yadda mai ɗauka ba zai tare haske da jikinsa ba. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba yana iya sayen zobban da ake sawa tsakanin kyamara da lens. Babu gilashi a cikinsu, nisanta lens ɗin kawai suke yi don ya ga kusa. Na kamfanin Kenko suna zuwa uku, mai milimita 12, da 20, da 36. Na 12 ɗin ma ya wadatar a hoton farce.

Ƙananan kyamarori na aljihu, irin su Canon PowerShot, da Nikon Coolpix, da Sony Cyber-shot, suna da maɓalli mai alamar fure. Shi ne na ɗaukar kusa, kuma akwai waɗanda suka shekara da kyamara ba su taɓa danna shi ba. Sai dai a yi hattara: wasunsu suna yarda a matsa har santimita ɗaya ko biyu, amma a wannan kusanci yatsan da ke gaba kan kumbura ya yi ƙato, na baya su ƙanƙance, inuwar kyamarar kuma ta faɗa kan farcen. Gara a kunna furen, a ɗan jawo hoton da zum kaɗan, a ja baya. Haka abin yake a waya. Wayoyi da yawa, irin su iPhone 13 Pro ta 2021, suna iya gani daga santimita biyu, amma hannu ya fi fitowa da siffarsa idan an sa 2x aka tsaya nesa kaɗan.

Milimita biyar kacal

A nan ne aikin yake da wuya, kuma a nan ne masu hoton biki da kansu kan sha mamaki. Duk lokacin da kyamara ta matsa kusa, yankin da ke fitowa tas daga gaba zuwa baya yana tsukewa. A hoton mutum a tsaye, yankin yana iya kai kamu ɗaya ko fiye. A hoton farata huɗu da kyamara irin 600D, idan ƙofar haske tana f/2.8, abin da zai fito tas bai kai milimita biyu ba. A f/5.6 ya kusa uku. A f/11 ya ɗan haura biyar. Idan kuwa farce ɗaya aka cika hoton da shi, ko a f/8 bai kai milimita ɗaya ba. Shi kuma farce a lanƙwashe yake, yatsu kuma ba tsawonsu ɗaya ba.

Saboda haka al'adar buɗe ƙofar haske gaba ɗaya don baya ya narke, wadda ke ƙawata hoton amarya, ita ce ke lalata hoton hannunta. A sa kyamara a kan A ko Av, a zaɓi f/8 zuwa f/11. Kada kuma a zarce zuwa f/22 da tunanin za a ƙara samun tsabta. Daga wajen f/16 haske yana fara bazuwa a bakin 'yar ƙofar, hoton duka ya yi laushi.

Sauran aikin na tsara hannu ne. Dole faratan su kasance a layi ɗaya, nisansu da kyamara iri ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ke sa a lanƙwaso yatsu zuwa tafin hannu, ko a riƙe kwalbar jan farce ko ta turare, ko a kifa hannu a kan tebur kyamara ta leƙo daga sama sak. Riƙon ya zama sako-sako. Idan aka matse kwalba, kan yatsu yakan yi fari, jijiyoyi su tashi. Sannan kada a bar kyamara ta zaɓi inda za ta saita da kanta, domin za ta kama abin da ya fi kusa ko ya fi ƙyalli, sau da yawa zobe ko gaɓar yatsa. A zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, a ɗora shi a kan farcen tsakiya, daidai inda zane yake. In akwai allon kallo a baya, a ƙara girmansa sau biyar ko goma a tabbatar da ido.

Akwai dabarar ɗaukar hotuna da yawa, kowanne da saitinsa, a haɗe su a kwamfuta da manhaja irin Helicon Focus. Tana aiki a kan faratan roba da aka jera a tebur. A hannun mutum mai numfashi, wahalarta ta fi amfaninta.

Farce madubi ne

Adon farce iri biyu ne a wajenmu, kuma kowanne da yadda yake karɓar haske. Akwai farcen lalle, wanda mata da yawa suka fi so saboda rini ne da ke shiga jikin farce, ba ya hana ruwan alwala taɓa shi. Sheƙinsa kaɗan ne, ɗaukarsa da sauƙi. Akwai kuma jan farce na kwalba, da jel, da farcen roba da ake yi a wuraren gyaran jiki na Abuja, da Kaduna, da Kano. Waɗannan kamar bayan cokali suke: duk abin da ke gabansu, taga ce, ƙwan lantarki ne, ko fuskar mai ɗauka, zai bayyana a jikinsu a lanƙwashe.

Wanda ya gane haka ya gane dalilin da ya sa filashar da ke kan kyamara ita ce babbar abokiyar gaba. Haskenta yana fita daga kusa da lens, ya daki farce, ya dawo kai tsaye, sai ya bar farin tabo a daidai inda zanen yake. A kashe ta. Fitilar zobe da masu kwalliyar fuska ke amfani da ita ma tana barin farin zobe a kan kowane farce. Wasu suna son hakan, amma a kan zane mai ƙananan layuka ɓarna ce.

Hasken da ya dace shi ne mai faɗi, mai laushi, wanda ke zuwa daga gefe. Mafi arha a cikinsa taga ce ko bakin ƙofa, da hantsi ko bayan la'asar, a inda rana ba ta faɗo kai tsaye ba. Idan rana ta shigo, a rataya farin mayafi marar kauri ko yadi ɗaya na farin ƙyalle a jikin tagar. A zaunar da mai hannun ta yadda tagar za ta kasance a gefenta, a jingina farin kwali a ɗaya gefen don ya mayar da haske cikin inuwar yatsu. Daga nan sai a riƙa juya hannun a hankali ana kallon allo. Haske yana tashi daga abu mai sheƙi ne a irin kusurwar da ya sauka, don haka ɗan karkatarwa kaɗan yana matsar da ƙyallin daga tsakiyar farce zuwa gefensa. Ba a so a kashe ƙyallin gaba ɗaya. Siririn layin haske a gefen farce shi ke nuna cewa aikin ya yi sumul. In babu shi, jel mai tsada zai fito kamar ba a gama shi ba. Inda ƙyalli ya yi taurin kai, akwai filta mai rage shi da ake ɗaurawa a bakin lens, ana juya ta har ya ragu, sai dai tana cinye fiye da rabin hasken da ke shiga.

Rana tsaka a tsakar gida ba ta yi, inuwarta baƙa ce ƙirin. Banda ɗaya: farce mai ƙyalƙyali ko duwatsu. Shi wannan a haske mai laushi mutuwa yake yi, sai an ba shi rana ko ƙaramar fitila mai kaifi kafin ya yi walƙiya. A irin wannan, hoto biyu ake yi.

Wani tarko da ake yawan faɗawa a gidan biki shi ne rumfa. Tamfol shuɗi ko ja, ko bangon da aka yi wa koren fenti, yana zuba launinsa a kan fata ba tare da ido ya lura ba, sai an duba hoto. Haka haɗa haske iri biyu. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin launin haske na Kelvin, ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700 zuwa 3000, inuwa kuma tana haura 7000, tana ja zuwa shuɗi. Ɗaya kawai daga cikinsu kyamara za ta iya gyarawa a lokaci guda. In ana aiki da taga, a kashe ƙwan ɗaki. In dare ne dole sai fitila, a yi amfani da iri ɗaya, a sa farar takarda ko ƙyalle a gabanta. Wutar lantarkinmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wasu fitilu masu arha suna ƙiftawa tare da ita; idan aka ga ratsi-ratsi a hoto, a mayar da saurin ɗauka 1/50 ko 1/100.

Launin fata, launin lalle

Kyamara ba ta san abin da ke gabanta ba. Awon haskenta yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne, tsakanin fari da baƙi. Idan aka ɗora hannu mai duhun fata a kan farin zani, farin zai rinjayi awon, kyamara ta rage haske, hannun ya dushe, zanen lalle ya nutse a cikinsa. Maganin shi ne maɓallin da ke da alamar +/-: a ƙara kashi biyu cikin uku ko ɗaya cur. A kan baƙin ƙyalle kuma akasin haka ake yi. Mafi sauƙi dai a nemi shimfiɗa marar ado mai launi tsaka-tsaki, ruwan toka ko ruwan ƙasa mai haske. Atamfa da leshi suna da kyau a jiki, amma a bayan farce gasa suke yi da zanen.

Matsalar fata mai duhu a hoto tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950, katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi, wanda aka sani da katin Shirley, hoton Baturiya ne a kai, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Ko a 2021, da Google ya fitar da wayar Pixel 6, gyaran yadda take ɗaukar baƙar fata yana cikin manyan abubuwan da ya tallata. Don haka mai ɗaukar hannun Bahaushiya kada ya sakar wa kyamara ragamar launi. A ɗauki hoton farar takarda a cikin hasken da za a yi aiki, a shiga saitin daidaita fari a nuna wa kyamara ita. Minti ɗaya ne, kuma yana raba jan lalle da ruwan lemo.

Ja yana da nasa halin. Shi ne launin da ya fi saurin cika ya tumbatsa a kyamarar dijital, sai farce ya zama jan faci guda babu zurfi. Idan haka ta faru, a ɗan rage haske, a kuma bar saitin launi a kan na tsaka-tsaki maimakon mai ƙara armashi. Wanda zai iya gyara a kwamfuta ya ɗauka a RAW: JPEG mataki 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa dubbai.

Shi lalle ma yana da lokacinsa. Sinadarin da ke cikin ganyensa yana kama sunadarin fata da na farce, kuma idan an wanke, da fari ruwan lemo yake fitowa, sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyu yana shan iska kafin ya nuna ya yi jawur. Hoton da aka ɗauka nan take bayan wankewa ba ya nuna ainihin aikin. Mai ƙunshin amarya ta roƙi a bar ta ta sake ɗauka ranar ɗaurin aure ko wajen kamu. Kada kuma a yi jinkiri da yawa. Farcen hannu yana tsiro wajen milimita uku a wata, lallen da ke kansa kuma ba ya gogewa, tafiya yake yi da shi. Bayan mako biyu, farin layin sabon farce a gindi ya isa ya fito ɓaro-ɓaro a hoton kusa.

Motsi kuwa maganarsa gajeriya ce. A ɗora hannun a kan tebur ko matashi, kada a bar shi a iska. In kyamara a hannu take, saurin ɗauka kada ya gaza 1/125, gwiwar hannu a dafe da wani abu, a ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 400 ko 800 in haske bai isa ba. Ɗan ƙura-ƙura a hoto ya fi dishi-dishi. In akwai sanda mai ƙafa uku, a sa agogon daƙiƙa biyu don kada dannawar ta girgiza kyamara. A ɗauka da yawa, a zaɓa.

Abin da kyamara ke tonawa

Hoton kusa ba ya rufa asiri. Busasshiyar fata a gindin farce, ɗigon jan farce da ya zarce, zaren tawul da ya maƙale, duk za su fito. A lokacin hunturu abin ya fi tsanani, ga kaushi ga ƙura. A shafa ɗan man kaɗanya ko man zaitun a gefen farata, a bari ya shiga na 'yan mintuna, sannan a goge sosai. Hannu mai naso ya fi busasshe muni a hoto. A goge bakin lens da ƙyalle mai laushi, kada kuma a canza lens a waje cikin iska, domin ƙurar da ta sauka a faifan kyamara a f/11 take bayyana, baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto.

Daga nan sai batun gyara, inda nake ganin ana wuce gona da iri. Yanke hoto, daidaita haske, cire zare ko ƙura, duk babu laifi. Amma filtar da ke goge fata har layukan yatsu su ɓace, ta haskaka hannu ya koma ba na mai shi ba, tana canza launin lallen ma, kuma mai zuwa da wannan hoto a waya za ta nemi abin da babu mai iya yi mata. Mafi muni shi ne a goge ja ko kumburin da ke gefen zanen dayis. Baƙin rinin gashi da ake haɗa dayis da shi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje har da tabo. Idan kyamara ta nuna fata ta tashi, wannan ba aibin hoto ba ne da za a share, gargaɗi ne ga mai aiki da mai hannu.

Bayan duk wannan wahala, WhatsApp yana iya matse hoton ya zubar da rabin tsabtarsa. A tura shi ta maɓallin HD da aka ƙara a 2023, ko a matsayin fayil. A sa sunan sana'a ƙarami a kusa da yatsu, inda ba za a yanke shi cikin sauƙi ba, domin ɗaukar hoton aikin wata a tallata kai da shi ya zama ruwan dare.

'Yar'uwa mai sana'a, kafin ki ɗora hannun kowace mace a shafinki, ki tambaye ta. Ko babu fuska, zobe, ko tabo, ko zanin da ke gefe ya isa a gane ta, kuma ba kowace ce ke son a ga ƙunshinta a waje ba. In ta ce a'a, ki goge a gabanta.